Amfilifaya Mai Bawul: Wat 5 a Lasifika, Bolt 350 a Ciki

(Taken shiri, sannan a sassauta shi)

  Ina gaida mutanen Gusau, na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Ina gaida na Tsafe. Ina gaida na Bungudu har zuwa gindin dutsen Kwatarkwashi. Yau za mu leƙa rumfar masu gyaran rediyo, saboda wata tambaya da samari suka fara yi tun da waya ta kawo musu bidiyon ƙasashen duniya: shin wanda bai taɓa haɗa komai ba zai iya haɗa ƙaramar amfilifayar jita, irin mai bawul, da hannunsa a gida?

Zai iya. Amma ba ranar farko ba, kuma ba shi kaɗai ba. Ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi dalili, wanda yake da biro kuma ya jawo shi kusa, domin akwai lambobi a tafe.

Dattawanmu za su tuna tsohon akwatin rediyo, wanda in an kunna sai a zauna a jira, bayansa ya ɗauki ɗumi, sannan murya ta taso a hankali. In ka leƙa ta ramukan bayan, za ka ga wasu ƙananan kwalabe na gilashi suna ja kamar garwashi. Su ne bawul. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙirƙiro na farko a 1904. A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara masa wata 'yar waya a tsakiya, daga nan aka samu hanyar ƙara ƙarfin murya. Da aka ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, sai bawul ya fara ja da baya, har ya ɓace daga rediyo da talabijin. Amfilifayar masallacin unguwarku, da ta mai tallar magani a tasha, da ta gidan biki, duk taransista ce a cikinsu. Masu kaɗa jita ne suka ƙi sakin bawul, su da wasu masu son sauti na musamman. Saboda su ne har yau ake ƙera shi a Sulobakiya da Rasha da Sin.

To yaya yake aiki? Cikin kwalbar nan an zuƙe iska kaf. Akwai wata siririyar waya da ake ba wuta ta yi ja, aikinta kawai ta dumama wani ƙarfe da ke kewaye da ita. In ƙarfen ya yi zafi sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. Can gefe kuma akwai wani farantin ƙarfe da aka ɗora wa wuta mai ƙarfi, bolt ɗaruruwa, yana jawo ƙwayoyin zuwa wajensa. Tsakaninsu sai ga 'yar ragar wayar nan ta de Forest. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san yadda yaro ƙarami da fartanya yake tare bakin kwalbati ko ya buɗe shi, ruwa mai yawa ya bi inda ya ga dama. Haka ragar take yi. Ɗan motsin da ke fitowa daga jita, wanda sau da yawa bai kai rabin bolt ba, shi ake kai wa ragar, ita kuma ta riƙa buɗewa da rufewa gwargwadonsa, sai babbar wutar ta ɗauki siffar kiɗan. Abin da ya shiga ƙarami ya fito babba.

Me ya sa makaɗa suka nace masa? In ka matsa wa taransista fiye da ƙarfinta, sautin yakan tsage, ya yi kaushi a kunne. In ka matsa wa bawul, a hankali yake karkacewa, sautin ya yi kauri, ya yi wata 'yar gurnani mai daɗi. Wannan gurnanin ake saye da tsada.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne can nesa. Ku dubi Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da yanzu yake zagaya duniya da jitar lantarki. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke ya yi tsirkiya. Kundin waƙoƙinsa na farko kuwa, mai suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Mu kuma nan Zamfara gidan kiɗa ne tun zamanin su Narambaɗa da Ɗankwairo da Kassu Zurmi. Wanda ba shi da jita ma yana iya manna ɗan faifan nan mai ɗaukar girgiza, wanda ake ce wa fiyezo, a jikin fatar gurmi ko garaya, ya jona wa amfilifaya, ya ji abin mamaki. Wanda kuma kiɗa ba ya gabansa sam, ilimin lantarkin da ke cikin aikin nan ya ishe shi riba.

Yanzu ga wadda nake ba mai koyo shawarar ya sa a gaba. Sunanta Fender Champ. Wanda ya kafa kamfanin, Leo Fender, mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Ya fara fitar da wannan ƙaramar amfilifaya a 1948 don masu koyo. Tsarin da aka fi kwaikwaya shi ne na ƙarshen shekarun 1950, mai lamba 5F1. Ku rubuta: biyar, F, ɗaya. In kun nemi wannan lambar a intanet za ku samu zanen a kyauta, har da wanda ya nuna inda kowace waya take bi.

Bawul uku ne a cikinta. Na farko 12AX7, wanda Turawan Turai ke rubuta wa ECC83, shi yake karɓar ƙaramin motsin jita ya haɓaka shi sau biyu a jere, domin bawul biyu ne a kwalba ɗaya. Na biyu 6V6, shi ne mai ƙarfin da yake tura lasifika. Na uku 5Y3, aikinsa ya miƙe wutar gida mai kai-da-komowa ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Sai rizisto kamar dozin guda, kondensa 'yan kaɗan, maɓallin ƙara murya ɗaya tal, lasifika mai inci 8, da taransifoma biyu. Shi ke nan. Ƙarfinta wajen wat 5.

Na san wani zai yi dariya, ya ce wat 5 me zai yi, alhali a kasuwa ana rubuta wat dubu a jikin kwali. Bar batun abin da ake rubutawa a kwali. A kunnen ɗan Adam, sai ka ninka ƙarfi sau 10 kafin ya ji kamar an ninka ƙara sau biyu. Wato amfilifaya mai wat 50 ninki biyu kawai ta fi mai wat 5 ƙara. In ka buɗe Champ har ƙarshe a ɗakin zaure, maƙwabta za su aiko yaro.

(Ɗan kiɗa na daƙiƙa kaɗan)

Jama'a, yanzu mun zo wurin da nake so kowa ya ajiye abin da yake yi. Iyaye ma ku matso, domin a gidajenku za a yi aikin.

Zanen Champ yana da sauƙi, yaron sakandare zai iya karanta shi. Amma a cikin akwatin nan akwai wuta wajen bolt 350, ta fi ta soket ɗin bango. Kuma abin da ya fi muni, cire fulogi ba ya kawar da ita. Manyan kondensa guda uku da ke ciki, waɗanda aka rubuta wa bolt 450 a jiki, suna iya riƙe wuta bayan an kashe, wani lokaci har zuwa washegari. Mutum ya kashe, ya cire waya, ya je ya ci tuwo ya dawo, ya sa yatsa, ta ɗauke shi. Saboda haka kafin hannu ya shiga ciki, sai an sauke wutar kondensa. Ana yi ne da rizisto mai ɗan girma, kamar mai om dubu 100 wat 5, a haɗa masa wayoyi masu rufi da 'yan maƙalai, a maƙala gefe ɗaya a jikin ƙarfen akwatin, ɗaya gefen a kan kondensa, a jira. Sannan a sa mita a auna. In ba ta sauko ƙasa da bolt 10 ba, a ƙara jira. Kada a yi irin ta wasu masu gyara da ke ɗaukar sukundireba su haɗa ƙafa biyun kondensa ta yi tartsatsi. Yana lalata kondensa, yana iya watsa wa ido narkakken ƙarfe. Mai hankali kuma yakan liƙa rizisto mai om dubu 220 wat 2 a kan kondensar farko dindindin, domin ta riƙa sauke kanta duk lokacin da aka kashe. Ko da hakan, a auna. Mita ce shaida.

In dole sai an auna wuta alhali tana kunne, hannu ɗaya ake sawa, ɗayan a aljihu ko a baya, don kada wuta ta shiga ta wannan hannu ta ratsa ƙirji ta fita ta wancan. A sa takalmin roba. Kada a zauna a kan siminti da ƙafa tsirara. Wanda ya fito daga alwala ya bari hannu da ƙafa su bushe sarai. A cire zobe da agogon ƙarfe. Kuma a samu wani a kusa wanda ya san inda makashin wuta yake.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu musamman. Tsirkiyar jita a haɗe take da ƙarfen akwatin amfilifaya ta cikin wayar da ke tsakaninsu. In wata waya ta kwance a ciki ta taɓa ƙarfen, wutar kai tsaye hannun makaɗi za ta. Abin da ke hana wannan shi ne waya ta uku, wadda ke kan dogon haƙorin fulogi, mai kai wuta cikin ƙasa ta ƙona fiyus. To gidaje nawa ne a Gusau ko Tsafe aka binne musu sandar ƙarfe aka ja wannan waya har soket? Da yawa soket ɗin rami uku ne a fuska, waya biyu a baya. Ka kira mai wayarin ya duba maka kafin ka fara. A 1976 wani sanannen mawaƙin Ingila, Keith Relf, ya rasu a gidansa yana kaɗa jitar lantarki, saboda irin wannan matsala. Tsohon zanen 5F1 shi ma da waya biyu aka yi shi, har da wata kondensa da aka haɗa tsakanin wutar gida da ƙarfen akwati. Wannan kondensar kada ka sa ta. Ka sa waya mai uku, ka ɗaure ta ƙasan a jikin ƙarfen da noti nata na kanta, ka sa fiyus na gaskiya. Ban ce ka naɗa zaren waya a gurbin fiyus ba, kamar yadda muka saba.

Sai maganar darma. A nan Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar darma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Wayar liƙi da aka fi sayarwa, mai lamba 60/40, kashi 40 cikin ɗari nata darma ce. Hayaƙin da ke tashi in ana liƙi na ƙaron da ke cikin wayar ne, yana damun ƙirji, don haka a yi aiki inda iska ke wucewa. Ita darmar kuwa ta hannu take shiga baki. Na sha ganin mai gyara ya riƙe wayar liƙi da haƙori saboda hannuwansa biyu suna aiki, ya gama ya ɓare goro ya jefa a baki. Kada ka koyi wannan. Ka wanke hannu da sabulu kafin abinci. Ka share 'yan ɗigon darma da suka zuba ka ƙulle su, kada ƙanenka mai rarrafe ya tsinta. Kada a yi aikin a tsakar gida kusa da madafa. In ka samu wayar liƙi marar darma ka saya, sai dai tana son ƙarfe mai zafi sosai, kuma ta fi wuyar sha'ani ga sabon hannu.

(Ɗan kiɗa)

To ina za a samo kaya? Rizisto, ƙananan kondensa, soket ɗin jita, maɓalli, waya, lasifika, mita da ƙarfen liƙi, waɗannan masu sayar da kayan gyaran rediyo a Gusau za su iya haɗa maka mafi yawansu. Abin da ya gagara a aika Kano, kasuwar Sabon Gari, ko Alaba a Legas. Da yanayin hanya a yanzu, ba sai ka hau mota don kondensa uku ba, ka ba direban da ka yarda da shi saƙo. Ka lura da lambar bolt da ke jikin kondensa. Wadda aka rubuta wa 50 ba za ta zauna inda ake son 450 ba, fashewa za ta yi. Bawul da mazauninsa kuwa galibi sai an yi oda daga waje, da dala ake sayensu. Gaskiya ita ce, kuɗin da za ka kashe ya fi na sabuwar amfilifayar taransista 'yar Sin. Wanda yake neman araha ya je kasuwa ya saya kawai.

Abin da ya fi ba mutane wahala ba bawul ba ne, taransifoma ce. Ta farko ita ke karɓar wutar gida ta raba ta uku: sama da bolt 300 don faranti, bolt 6.3 don dumama bawul biyu, da bolt 5 don 5Y3. Ku kula da kyau a nan. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Yawancin kayan haɗi da ake tallatawa a intanet don Amurkawa aka yi su. In ka jona taransifomar 120 a soket ɗin Bungudu, hayaƙi za ka gani. Ka tabbatar an rubuta 230 ko 240 kafin ka biya. Masu naɗin waya na garinmu, waɗanda ke sake naɗa fanka da injin ruwa da sitabilaiza, ƙwararre a cikinsu zai iya naɗa maka wannan in ka kai masa lissafi, da sharaɗin ya sa takardar rufi mai kyau tsakanin naɗi da naɗi. Kada ka ɗauko taransifomar tsohon murhun makirowef, bolt dubu biyu take fitarwa, kisa take yi nan take. Kuma duk zanen da ka gani babu taransifomar wuta a cikinsa, an jona bawul kai tsaye da wutar bango, rufe shafin ka wuce.

Taransifoma ta biyun ita ce tsakanin 6V6 da lasifika. Bawul yana son nauyin om wajen dubu 5, lasifika kuma om 4 ce ko 8, taransifomar ke sasanta su. Wannan ta fi wuyar naɗi, domin ana barin ɗan siririn tazara a cikin ƙarfenta, in babu shi sautin zai shaƙe. Shawarata a sayo ta a shirye. Kuma doka ce: ba a kunna amfilifaya mai bawul babu lasifika a jone. Taransista tana iya haƙura da hakan, wannan kuwa taransifomar ce za ta ƙone, ita ce kuma mai tsada.

Akwatin ƙarfe, mai walda ko maƙerin kwano zai lanƙwasa maka, a huda ramuka kafin a ɗaura komai. Na katako kuma kafinta. A bar bayansa a buɗe. Bawul 6V6 yana zafin da zai sale fata, ga zafin Maris da Afrilu a nan. Da hunturu kuma a riƙa rufe ta da ƙyalle in ta huce, domin ƙura in ta taru ta sha laima tana iya ba wuta hanya.

Ranar kunnawa ta farko akwai wata dabara mai araha. A samo ƙwan fitila irin na da, mai zare a ciki, wat 60 ko 100, a haɗa shi a jere a kan wayar wuta kafin ta isa amfilifaya. Ba irin na zamani mai tsimin wuta ba, wannan ba zai yi ba. In ka kunna ƙwan ya ɗan haska sannan ya dushe, alama ce mai kyau. In ya haska tar ya tsaya a haka, akwai inda waya ta haɗu, kashe maza ka sauke kondensa ka bincika. Ƙwan ya karɓi dukan da taransifoma za ta sha. Wutar da kamfanin Kaduna ke kawo mana kuwa kun san halinta, yau ta yi ƙasa gobe ta yi sama, saboda haka a bi ta sitabilaiza. Ƙaramin janareto da inbata mai araha sukan sa ta yi ƙugi. In kuma ƙugin yana nan ko a wuta mai kyau, duba wayoyin bolt 6.3, a murɗe su biyu kamar igiya, a kwantar da su nesa da wayar da ke shigowa daga jita.

Na ce ba ranar farko ba. To me za a yi ranar farko? Ka sayi wani ɗan ƙaramin abu mai ƙafa takwas, lambarsa LM386. Da batirin bolt 9 yake aiki, ba ya jan mutum. Da shi, da kondensa uku ko huɗu, da lasifikar tsohon rediyo, za ka haɗa amfilifayar da ba ta kai wat ɗaya ba amma tana magana. In ka sa kondensa mai lamba 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, ƙarfin haɓakawarsa zai tashi daga ninki 20 zuwa 200. A nan za ka koyi liƙi: ƙarfe ya taɓa ƙafar da wayar tare, su yi zafi, sannan ka kawo darma ta narke a kansu, ba a kan bakin ƙarfen ba. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta lif. Wanda ya dunƙule ya yi fari-fari, sake shi. A nan za ka koyi karanta launukan rizisto, da gane ƙafar kondensa mai ɗigo da marar ɗigo, da riƙe mita. In ka ƙona shi, kuɗin kaɗan ne.

In wannan ta yi magana, sai ka ɗauki zanen 5F1 ka tafi wurin oga. Ka nemi dattijon mai gyara, irin wanda ya yi zamanin talabijin mai ƙoƙon baya, domin shi ya san wuta mai ƙarfi da hannunsa, ya san yadda ake sauke ta. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, Baba, ga abin da nake so in koya, a duba mini. Ka yi liƙinka a gida in ka so, amma kunnawar farko a gabansa za a yi. Ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ku kai wa malamanku na sashen lantarki, aiki ne da ya isa a gabatar a ƙarshen karatu. 'Yan matanmu na kwalejin horar da malaman fasaha da ke nan Gusau, ku ma da ku nake, liƙi ba ya son ƙarfi, natsuwar hannu yake so.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki mita mu bi ta maɓalli bayan maɓalli, yadda ake auna bolt da om, da yadda ake gane kondensar da ta mutu. Wanda yake da mita a gida ya zo da ita kusa da rediyo, ya sa mata sabon batir.  

(Taken shiri)